Yadda ake lissafa yiwuwar abin da hannu zai ɗauko daga cikin taro

Wata ranar Asabar da yamma uwar adashen layinmu da ke Unguwar Rogo, a nan Jos, ta aiko yaro ya kira ni, saboda an san ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Mata goma ne suke zubi, kuma sun amince a yi ƙuri'a domin a san wadda za ta yi kwasar farko. An rubuta lambobi daga 1 zuwa 10 a guntayen takarda, an naɗe an zuba a cikin kwano, sai gardama ta kaure kan wadda za ta fara sa hannu. Wata dattijuwa daga cikinsu ta ce da ni: "Malam, ai wadda ta fara ɗauka ita ce mai rabo, tunda duk takardun suna nan ba a taɓa su ba, mu na baya kuwa ragowa za mu tarar." Wata kuma ta ce sam, ta baya ce ta fi morewa, domin takardun sun ragu. Amsar wannan gardama tana cikin lissafin yiwuwa, wanda shi ne ɗalibanmu suke cin karo da shi a jarrabawar WAEC da NECO, inda akan tambaye su game da ƙwallaye masu launi a cikin jaka. Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, in kuma dawo kan matan adashe idan mun iso inda amsarsu take.

Mataki na farko ana yin sa ne tun kafin a taɓa alƙalami, wato a tabbatar cewa kowane abu da ke cikin taron yana da dama daidai da ta ɗan'uwansa. Ƙuri'a daɗaɗɗiyar hanya ce ta raba gardama, domin Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Nana Maryam a aya ta 44 ta Suratu Ali Imrana, ya kuma ambaci ƙuri'ar da ta faɗa kan Annabi Yunus, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a aya ta 141 ta Suratus Saffat. Amma tsara lissafinta ya samo tushe ne daga wasiƙun da masanan Faransa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musaya a shekarar 1654, kuma ƙa'idar da wani masanin Faransa, Laplace, ya bayyana a rubutunsa na 1814 ta ɗora komai a kan sharaɗi guda, cewa sakamakon da ake ƙirgawa su kasance babu wanda ya fi wani damar fitowa. Idan wannan sharaɗi ya rushe, duk lissafin da zai biyo baya aikin banza ne. Misali sananne ya faru a Amurka ranar 1 ga Disamba, 1969, lokacin da aka yi ƙuri'ar ɗaukar matasa aikin soja a zamanin yaƙin Biyetnam. An sanya ranakun haihuwa 366 a cikin ƙananan kwanso, an zuba su wata bayan wata, na Disamba a ƙarshe, ba a kuma gauraya su sosai ba, sai ya zama waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara sun fi saurin fitowa. Saboda haka idan takardu ne, a yanka su girma ɗaya, a naɗe su iri ɗaya, a girgiza kwanon sosai, mai ɗauka kuma ya kawar da kansa. Irin wannan ɗauka ce zan riƙa kira ɗauka ido rufe.

Mataki na biyu shi ne ƙirga abubuwa biyu: yawan duk abin da ke cikin taron, da yawan abin da kake nema a cikinsa. Mu ɗauka an kawo kwanon goro a wurin ɗaurin aure, a ciki akwai goro 20, fari 8, ja 12, kuma duk girmansu kusan ɗaya ne, domin da akwai manya a ciki da hannu kansu zai nufa. Yaro ya sa hannu ido rufe ya ɗauki guda, mene ne yiwuwar ya ɗauko fari? Abin da ake nema 8 ne, duka kuwa 20 ne. Sai a rubuta abin da ake nema a sama, jimilla a ƙasa, a sami 8 bisa 20, wanda idan aka raba sama da ƙasa da 4 ya zama 2 bisa 5. Idan ana son a faɗe shi yadda mutane suka fi ganewa, sai a raba 8 da 20 a sami 0.4, a ninka da 100, ya zama kashi 40 cikin ɗari. Yiwuwar ja kuwa 12 bisa 20 ce, wato kashi 60 cikin ɗari. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai a wannan gaɓa shi ne su rubuta 8 bisa 12, suna gwada fari da ja, alhali lambar ƙasa dole ta ƙunshi kowa da kowa, har da shi farin da ake nema.

Akwai ma'auni mai sauƙi da mutum zai riƙa duba aikinsa da shi. Yiwuwa ba ta yin ƙasa da sifili, ba ta kuma wuce 1. Sifili na nufin abin ba zai taɓa faruwa ba, kamar a ɗauko dabino daga kwanon da goro ne kaɗai a cikinsa, 1 kuma na nufin tabbas. Duk wanda ya ga lambar samansa ta fi ta ƙasa girma, to ya san ya yi tuntuɓe a wani wuri. Haka nan idan aka tara yiwuwar dukan abubuwan da za su iya fitowa, dole a sami 1 cif, kamar yadda 8 bisa 20 da 12 bisa 20 suka haɗu suka ba da 20 bisa 20.

Mataki na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar wannan darasi, shi ne ɗauka fiye da sau ɗaya. Kafin ka rubuta komai, tambayi kanka: abin da aka ɗauka da farko, an mayar da shi cikin kwanon ko ba a mayar ba? Idan yaron ya ɗauki goro ya duba launinsa, ya mayar, aka sake girgiza kwanon, to a ɗauka ta biyu komai yana nan yadda yake, fari 8 cikin 20. Yiwuwar ya sami fari a karo na farko kuma ya sake samun fari a karo na biyu ana samun ta ne ta hanyar ninkawa: 8 bisa 20 sau 8 bisa 20, wanda ya ba da 64 bisa 400, wato kashi 16 cikin ɗari. Dalilin ninkawar ba ɓoyayye ba ne. A cikin kowane gwaji 100, kimanin 40 ne za su fara da fari, kuma daga cikin waɗannan 40 ɗin kashi 40 cikin ɗarinsu ne za su sake samun fari, wato 16.

Amma a zahiri wanda ya ɗauki goro a wurin ɗaurin aure aljihu yake sa shi, ba ya mayarwa, kuma yawancin zaɓen da muke yi a rayuwa haka yake. Idan goron farko fari ne kuma ya tafi, abin da ya rage a kwanon goro 19 ne, fari a cikinsu 7. Dole lambar sama da ta ƙasa duka su sauya. Lissafin ya koma 8 bisa 20 sau 7 bisa 19. A ninka na sama da na sama, 8 sau 7, a sami 56, a ninka na ƙasa da na ƙasa, 20 sau 19, a sami 380. Amsa ita ce 56 bisa 380, ko 14 bisa 95 idan an rage, kimanin kashi 14.7 cikin ɗari. Ta ɗan yi ƙasa da 16 da muka samu a baya, kuma hankali ya yarda da haka, tunda fitar farin farko ta rage yawan fararen. Yiwuwar duka biyun su zama ja kuwa ita ce 12 bisa 20 sau 11 bisa 19, wato 132 bisa 380, kimanin kashi 34.7 cikin ɗari. Shawarar da nake bai wa ɗalibaina ita ce su zana kwanon a gefen takarda, duk lokacin da aka ɗauki abu su soke shi su rubuta sabon adadi, domin wanda ya dogara da ƙwaƙwalwarsa a nan yakan rage lambar sama ya mance da ta ƙasa.

Yanzu mun isa wurin matan adashe. Takardar da ke ɗauke da lamba 1 guda ɗaya ce cikin 10, saboda haka wadda ta fara sa hannu tana da yiwuwar 1 bisa 10. Ta biyu fa? Kafin ta sami takardar, dole abu biyu su faru a jere: ta farko ta kuskure ta, wanda yiwuwarsa 9 bisa 10 ce, sannan ita ta ɗauko ta daga cikin 9 da suka rage, wanda yiwuwarsa 1 bisa 9 ce. Idan aka ninka 9 bisa 10 da 1 bisa 9, tara ta cinye tara, sai a sami 1 bisa 10. Ta uku tana bukatar biyun farko su kuskure, wato 9 bisa 10 sau 8 bisa 9, sannan ita ta dace, 1 bisa 8, kuma amsar ita ce dai 1 bisa 10. Haka abin zai ci gaba har kan ta goma, wadda ba ta da zaɓi sai takardar da aka bar mata. Da na gama zana wannan da gawayi a kan simintin tsakar gida, sai dattijuwar nan ta ce: "To Malam, ashe duk wannan hayaniya ta banza muke yi." Na ce mata: "Ƙwarai kuwa, Inna, sai dai a kula kada wata ta leƙa kwanon, kada kuma naɗin wata takarda ya bambanta da saura." Abin da ke rikita mutane shi ne buɗe takardu tun ana cikin ɗauka. Idan mata shida sun buɗe nasu ba a ga lamba 1 ba, to a wannan lokaci kowace cikin huɗun da suka rage tana da 1 bisa 4, amma wannan sabon lissafi ne da aka gina a kan sabon labari, bai nuna cewa jinkirtawa ta fi riba tun daga farko ba, domin sau shida cikin goma takardar takan fita kafin a iso kansu.

Mataki na huɗu ya shafi lokacin da abin da ake nema zai iya zuwa ta hanya fiye da ɗaya. A koma kan kwanon goro, a ɗauki biyu ba mayarwa, a tambayi yiwuwar samun fari ɗaya da ja ɗaya. Hanyoyi biyu ne: fari ya fara zuwa ja ya biyo, ko ja ya fara zuwa fari ya biyo. Ta farko ita ce 8 bisa 20 sau 12 bisa 19, wato 96 bisa 380. Ta biyu ita ce 12 bisa 20 sau 8 bisa 19, ita ma 96 bisa 380. Tunda kowace daga cikinsu ta biya bukata, kuma ba za su faru tare ba, sai a tara su a sami 192 bisa 380, kimanin kashi 50.5 cikin ɗari. A nan ne za a yi amfani da ma'aunin da na ambata: fari biyu 56, ja biyu 132, gauraye 192, jimillarsu 380 daidai, wanda ya tabbatar ba mu bar wata hanya a baya ba. Ɗalibin da ya mance da hanya ta biyu zai ga jimillarsa ta tsaya a 284, nan take ya gane da sauran aiki.

A taƙaice ana cewa idan tambaya ta ce wannan "da" wancan a jere, ninkawa ake yi, idan ta ce wannan "ko" wancan, tarawa ake yi, amma tarawar tana da tarko. A ce aji yana da ɗalibai 40, 18 suna ƙungiyar ƙwallon ƙafa, 12 suna ƙungiyar muhawara, 5 daga cikinsu kuma suna cikin ƙungiyoyin biyu. Idan aka zaɓi ɗalibi ɗaya ta ƙuri'a, yiwuwar ya kasance ɗan ƙwallo ko ɗan muhawara ba 30 bisa 40 ba ce, saboda an ƙirga biyar ɗin nan sau biyu. Sai a tara 18 da 12, a ɗebe 5, a sami 25 bisa 40, wato kashi 62.5 cikin ɗari.

Mataki na biyar dabara ce ta rage wahala a duk tambayar da ta ce "aƙalla ɗaya". Mai shayi ya je sarin ƙwai a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kiret ɗin yana ɗauke da ƙwai 30 kamar yadda aka saba, kuma mu ɗauka 3 daga ciki bara-gurbi ne ba tare da kowa ya sani ba. Ya zaɓi 4 ido rufe domin ya gwada su a cikin ruwa, tunda ruɓaɓɓen ƙwai yakan taso sama. Mene ne yiwuwar ya kama aƙalla ɗaya marar kyau? Mutum zai iya lissafa yiwuwar ɗaya, da ta biyu, da ta uku, kowace da hanyoyinta masu yawa, ya tara, amma wannan zagaye ne mai nisa. Gajeriyar hanya ita ce a lissafa kishiyar abin, wato duka huɗun su fito lafiyayyu, sannan a ɗebe daga 1. Lafiyayyu 27 ne, don haka lissafin shi ne 27 bisa 30, sau 26 bisa 29, sau 25 bisa 28, sau 24 bisa 27. Tunda 27 ta bayyana a sama da ƙasa, a soke ta, sai saura 26 sau 25 sau 24 a sama, wato 15,600, da 30 sau 29 sau 28 a ƙasa, wato 24,360. Rabawa ta ba da kimanin 0.64. Idan aka ɗebe daga 1, saura 0.36. Ma'ana, yiwuwar ya gano matsalar kashi 36 cikin ɗari ce kawai, a kashi 64 kuwa zai biya kuɗinsa ya tafi yana murna da ruɓaɓɓun ƙwai uku a cikin kayansa. Wannan sakamako yakan ba 'yan kasuwa mamaki idan na nuna musu, domin a tunanin mafi yawansu wanda ya gwada huɗu bai ga aibi ba ya gama bincike.

Mataki na shida shi ne na zaɓen mutane da yawa a lokaci guda, inda jeri ba shi da wani tasiri. A ce ƙungiyar iyaye da malamai tana da mutum 10 da suka nuna sha'awa, maza 6, mata 4, za a fitar da kwamitin mutum 3 ta ƙuri'a. A nan ya fi sauƙi a ƙirga yawan kwamitocin da za su iya fitowa. Kujerar farko mutum 10 ne za su iya hawanta, ta biyu 9, ta uku 8, idan aka ninka a sami 720. Sai dai wannan adadi ya maimaita kowane kwamiti, domin mutum uku ɗaya za su iya fitowa a jeri daban-daban har 3 sau 2 sau 1, wato 6, alhali kwamitin bai sauya ba. Saboda haka a raba 720 da 6, a sami 120, wannan ita ce lambar ƙasa. A littattafan lissafi ana rubuta 3 sau 2 sau 1 da lamba 3 da alamar motsin rai biye da ita, wato 3!, kuma kalkuletar da ɗaliban kimiyya suke riƙewa tana da maɓallin nCr da ke yin wannan aiki gaba ɗaya, amma ban cika son ɗalibi ya taɓa maɓallin ba sai ya iya yi da hannu, domin wanda bai san dalilin raba 720 da 6 ba yakan rikice da zarar an ɗan karkata tambayar.

To, mene ne yiwuwar kwamitin ya ƙunshi maza biyu da mace ɗaya? Hanyoyin zaɓen maza 2 daga 6 su ne 6 sau 5, a raba da 2, wato 15. Hanyoyin zaɓen mace 1 daga 4 kuwa 4 ne. Kowane rukunin maza zai iya haɗuwa da kowace mace, don haka a ninka 15 da 4 a sami 60, amsa ta zama 60 bisa 120, wato rabi daidai. Ta wannan hanya, kwamitin maza zalla yana da hanyoyi 6 sau 5 sau 4 a raba da 6, wato 20. Namiji ɗaya da mata biyu yana da 6 sau 6, wato 36, domin hanyoyin zaɓen mata 2 daga 4 shida ne. Mata zalla kuwa hanyoyi 4 ne kacal. Idan aka tara 20 da 60 da 36 da 4 sai a sami 120, lissafi ya rufe. Idan kuma iyaye mata suka tambayi yiwuwar a sami aƙalla mace ɗaya a kwamitin, dabarar mataki na biyar ta wadatar: a ɗebe 20 na maza zalla daga 120, saura 100 bisa 120, wato 5 bisa 6, kimanin kashi 83 cikin ɗari. Wannan yana nufin sau ɗaya cikin shida ƙuri'ar za ta fitar da kwamitin da babu mace ko ɗaya ba tare da kowa ya yi maguɗi ba, kuma idan ƙungiya ba za ta iya jure wannan sakamako ba, gara tun farko ta raba kwano biyu, ta ɗauki mutum biyu daga na maza, ɗaya daga na mata, ko akasin haka, gwargwadon abin da aka amince da shi kafin a naɗe takardu.

Wanda ya fi sakewa da hanyar ninka kaso bayan kaso zai iya gwada wannan amsa da ita. Namiji, namiji, mace a jere shi ne 6 bisa 10 sau 5 bisa 9 sau 4 bisa 8, wato 120 bisa 720, ko 1 bisa 6. Macen tana iya fitowa ta farko, ko ta biyu, ko ta uku, hanyoyi uku ke nan masu yiwuwa iri ɗaya, idan aka ninka 1 bisa 6 da 3 a sami 3 bisa 6, rabin nan dai da muka samu ta ƙirga kwamitoci. A ɗakin jarrabawa nakan ce wa ɗalibai su yi amfani da hanyar kaso idan abubuwan da za a ɗauka biyu ne ko uku, su koma hanyar ƙirga rukuni idan sun kai huɗu ko biyar, domin daga nan jerin hanyoyin yakan yi yawa har mutum ya tsallake wata bai sani ba.